Tsakanin Sirdi da Sitiyari

Da wuya a kunna tseren motocin Amurka da gangan a gidan kallo a ƙasar nan. Sai dai a ci karo da shi wajen canza tasha, kuma kafin motocin su yi zagaye uku wani zai yi tsaki ya ce a mayar mana da ƙwallo. Hujjarsa ba ta wuce guda: mutum yana zaune an ɗaure shi da bel, inji ke aiki, shi kuwa ban da murɗa sitiyari hagu babu abin da yake yi, to ina wasan yake? Su kansu Amurkawa ba su gama wannan gardama ba. A watan Nuwamba na 2013 wani tsohon tauraron ƙwallonsu, Donovan McNabb, ya fito a talabijin ya ce Jimmie Johnson ba ɗan wasa ba ne, tuƙi kawai yake yi. Kwana biyu bayan maganar Johnson ya ci kambun gasar NASCAR karo na shida. Tun a 2009 ma kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon 'yan wasa maza na shekara, shi ne direba na farko da ya samu wannan.

Mutumin da zai yi wannan tsaki a Batsari ko Safana ba zai taɓa faɗin irin maganar a kan mahayin doki ba. Shi ma mahayi a zaune yake, ƙafafu huɗun da ke cin ƙasa kuma ba nasa ba ne. Duk da haka ban taɓa jin Bakatsinen da ya ce Sarki Usman Nagogo ba ɗan wasa ba ne don doki ke ɗauke da shi. Wannan bambanci yana da tarihi, kuma tarihin ya bi ta ƙasar Ruma da bakin dajin Rugu.

Yammacin Katsina bakin dāga ne tun kafin Bature ya zo ya ja layi. Bayan jihadi, wajen 1807, sarakunan Haɓe da birnin Katsina ya kuɓuce musu suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi, suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri. Aka shafe kusan ƙarni guda ana kai hari ana ramuwa, kuma dajin da ke yamma da birni shi ne babbar hanyar mahara. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya bar Katsina a watan Maris na 1853 zai nufi Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka a Zakka, wadda take cikin ƙaramar hukumar Safana a yau. Daga nan ayarinsu ya faɗa daji cikin fargabar rundunar Gobirawa, suna wuce kufan garuruwan da yaƙi ya tasa.

A irin wannan ƙasa, wanda bai iya doki ba bai iya tsare gidansa ba. Barde yana bukatar ya saki linzami doki ya ba da wuta, ya ja zamiya ya tsaya cak a inda ya ga dama, ya juya a wuri ɗaya, duk wannan da mashi a hannu guda, ga nauyin sulke a jikinsa, in dokin lifidi ne ga kuma nauyin da dabbar ke ɗauke da shi. Ƙasar Ruma, wadda hakimin Batsari ke riƙe da sarautarta har yanzu, ita ta fitar da Ɗanwaire, barden da ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19, wanda har gobe ake ba da labarin artabunsa da mayaƙan Maraɗi. Jafin da ake yi a gaban sarki ranar hawan Sallah, inda mahaya ke tahowa a sukwane su ja birki daf da shi su ɗaga hannu, ragowar wannan horo ne. A zamaninsu babu wanda ya ɗauke shi abin nishaɗi. Sana'ar tsira da rai ce.

Sai Turawa suka iso. Lugard ya shiga Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka, aka shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, Maraɗi ta faɗa wancan ɓangare, hare-hare suka mutu. A 1906 aka tuɓe Sarki Yero, sarauta ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda shi kansa ya ga yaƙi da idonsa yana saurayi. Dikko ya gaji barga cike da dawaki da fada cike da mahaya, ga shi kuma babu inda za a kai hari.

Hafsoshin Turawa sun zo da wasansu na ƙwallon doki, wato folo, wanda suka koya a Indiya. Tun 1904 suna da kulob a Legas. Dikko, wanda ya yi aikin Hajji a 1921 ya bi ta Ingila, ya ga wasan, ya kuma gane abin da ke cikinsa. A farkon shekarun 1920 ya sa aka share fili a Katsina, ya zuba 'ya'yansa da yaran fada a ciki. Hawa dai sun riga sun iya, sun ma fi masu koya musu. Abin da ya zo musu sabo shi ne ƙa'ida. Mutum huɗu a kowane ɓangare. Kowane zango minti bakwai, a buga ƙararrawa, a sauya dawaki. Sanda a hannun dama kaɗai, ko da kai bahago ne. Wanda ke bin layin ƙwallo shi ke da hanya, in ka gitta masa ka yi laifi, ko kai ɗan sarki ne. Alƙalai biyu a kan dawaki suna biye da wasa. Kowane ɗan wasa kuma an auna gwanintarsa an ba shi maki, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa goma, don a san nauyin kowace ƙungiya kafin a shiga fili.

A wannan ma'auni Usman Nagogo, ɗan Dikko da aka haifa a 1905, ya kai maki bakwai, kuma babu ɗan Nijeriyar da ya wuce shi. 'Yan wasan Katsina suka riƙa cin kofin Georgian, wanda shi ne kofi mafi daraja a folon ƙasar nan, daga hannun ƙungiyoyin Turawan da suka kawo wasan. Nagogo ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi shekara 37 a kai, bai raba gari da folo ba. 'Ya'yansa suka gada: Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, da Muhammadu Kabir Usman da ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin folo ya san inda wahalar take. Ɗan wasa ba ya zama a sirdi sai jefi-jefi. Tsaye yake a kan likkafa, cinyoyinsa sun matse doki, hannun hagu na riƙe da linzami, ya sunkuyo gefe har kamar zai faɗo, yana neman ƙwallon da bai fi lemo girma ba, alhali wani doki ya haɗa kafaɗa da nasa yana tura shi. In zango ya ƙare, ɗan muri ya sheƙo da sabon doki, a janye wanda ya jiƙe sharkaf yana kumfa. Doki ya samu hutu. Mahayi ya kurɓi ruwa ya sake ɗarewa. A wasa guda mutum ɗaya sai ya gajiyar da dawaki huɗu ko fiye.

Folo dai wasan masu hali ne, bai taɓa zama na talaka ba, kuma wannan aibi ne da masoyansa ba su cika son a ambata ba. Abin da ya sauko ƙauye shi ne sukuwa. Bayan kaka, ko ranar Sallah, ko wajen naɗin sarauta, a fitar da dawakin da aka yi wata da watanni ana ɗura musu dawa da harawa da kanwa, a ɗora musu yara marasa nauyi, a sake su. Masu sukuwa na ƙasar Katsina da na Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna ziyartar juna, iyakar da Bature ya ja ba ta raba wannan zumunci ba. A nan ne kuma gardamar tamu ta ɗan samu gindin zama, domin in doki ya zo na ɗaya, sunan dokin ake kira, sai na mai shi. Yaron da ya kwanta a wuyansa, ya san lokacin da zai riƙe shi da lokacin da zai sake shi, sau da yawa tukuici kawai yake tashi da shi. Wannan rashin adalci tsoho ne. A wasannin Olamfik na Girkawan dā, tun da aka shigar da tseren keken doki a shekara ta 680 kafin haihuwar Annabi Isa, mai dawaki ake naɗa wa kambu. Da haka Kiniska, 'yar sarkin Sparta, ta ci gasar sau biyu ba tare da ta riƙe linzami ba, a zamanin da matan aure ko kallo ba a bari su shiga.

Ta fuskar addini kuwa babu wanda ya tsaya shakka. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, kuma ya raba su gida biyu: waɗanda aka yi wa horo aka ba su nisa mai tsawo, waɗanda ba a horar ba aka rage musu. Ka ga ke nan tun can akwai wurin tashi, akwai wurin tsayawa, akwai rukuni.

Tseren da ake wa tsaki a gidan kallo ya taso ne daga wuri mai ƙarancin mutunci. A 1920 Amurka ta haramta sayar da barasa, ba ta janye dokar ba sai 1933. A tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar, manoma matalauta suka riƙa dafa barasa a ɓoye da masararsu, kuma ko bayan janye dokar ba su daina ba, don gudun haraji. Kai kayan birni cikin dare shi ne aikin samari. Sukan sayi mota irin ta kowa, mafi yawa Ford, don kada a gane ta a hanya. Su cire kujerar baya, su ƙara mata sifirin don kada ta durƙushe da nauyi ta tona asiri, su ba makanike ya taɓa injin har ta fi motar jami'an haraji gudu. Ranar Lahadi kuma, da babu aiki, sai gardama ta tashi kan motar wa ta fi, a je wani fili a gwada.

Wani makanike mai suna Bill France, da ke zaune a Daytona ta Jihar Fulorida, ya ga jama'a na biyan kuɗi su kalli wannan, ya kuma ga yadda masu shirya tseren ke guduwa da kuɗin ƙofa su bar direbobi hannu rabbana. A watan Disamba na 1947 ya tara direbobi da makanikai da masu motoci a wani otal, a watan Fabrairu na 1948 aka yi wa NASCAR rajista. Ranar 19 ga Yuni, 1949, a Charlotte, aka yi tseren farko na motocin da doka ta ce sai dai yadda suka fito daga kamfani. Glenn Dunaway ya riga kowa isowa da tazara. Da masu bincike suka leƙa ƙarƙashin motarsa, sai suka tarar an taɓa sifirin na baya, domin dama motar jigilar barasa ce. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper da ya zo na biyu, tare da dala 2,000. Mai motar ya kai ƙara kotu, kotu ta kori ƙarar. A ganina ranar ce abin ya tashi daga ganganci ya zama wasa, domin ranar ce aka samu wanda zai ce wa mafi gudu bai ci ba, maganarsa kuma ta zauna.

Junior Johnson na Karolina ta Arewa shi ne ya fi kowa nuna asalin sana'ar. Tun yana yaro yake jigilar barasar mahaifinsa, ba a taɓa kama shi a hanya ba, sai a 1956 aka ritsa shi a wurin dafawa ya yi wata 11 a kurkuku. A 1960 ya shiga tseren Daytona da motar da ba ta kai na abokan karawarsa ƙarfi ba. Wajen gwaji ya lura cewa in ya manne a bayan mota mai gudu, ita ke tsaga masa iska, tasa ta bi ta ba tare da wahala ba, har ya samu rarar ƙarfin da zai fizgo ya wuce. Da wannan dabara ya ci, kuma har yau a kanta ake tsere a manyan filaye. Shugaba Reagan ya yi masa afuwa a 1986. Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci babban tsere a Disamban 1963, shi ma daga jigilar barasa ya fito. Ranar da ya ci, wani Bature aka fara sanarwa, sai bayan jama'a sun watse aka amsa cewa shi ne.

To me direban yake yi a ciki? Tseren Daytona mil 500 ne, kimanin kilomita 800, zagaye 200. Motoci 40 suna gudun da ya kai kilomita 300 a awa, tsakanin wannan da waccan wani lokaci bai kai kamu ɗaya ba. Kwanar filin a karkace take, digiri 31, mutum da ƙafa ma da ƙyar yake hawanta, kuma duk shiga kwana jiki na ninka nauyinsa, wuya da kafaɗa su ke ɗauka. Zafin cikin motar yakan haura digiri 50, ga rigar kare wuta, ga hular kwano, sama da awa uku babu hutun rabin lokaci. Direba yakan fito ya zubar da kilo biyu ko fiye na gumi. Yana sauraron injin, yana jin yadda taya ke cinyewa, yana lissafin mai, yana magana da mai duba masa hanya daga sama. Kuskuren ƙiftawar ido yana iya haɗa mota 20. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na Daytona, Dale Earnhardt, mai kambu bakwai, ya daki katanga ya mutu nan take sakamakon karyewar gindin ƙoƙon kai. Kafin shekarar ta fita aka wajabta wa kowane direba na'urar da ke riƙe kai da wuya.

Duk wanda ya san hanyoyin Jibiya da Batsari, ya karanta labarin waɗancan samarin Amurka, zai ce ai na san su. Tun da kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ta zama dokin wannan yanki, kuma ba banza ba, ita ce ta ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar. Daga baya Golf ta karɓe ta. 'Yan fito da ke shigo da shinkafa da taliya da man girki daga Nijar, musamman bayan rufe iyaka a watan Agustan 2019, dabararsu ɗaya da ta masu barasa: a cire kujeru, a ƙara sifirin, a loda buhuna har rufi, a bi burtali da gefen gona cikin dare, wani lokaci fitila a kashe. Ba yabon sana'ar nake ba. Ta karya doka, ta kuma ci rayukan direbobi da na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Amma hannun da ke ratsa yashi da mota mai ɗauke da ninkin nauyinta, bai kafe ba bai kife ba, hannu ne na gwani. Makaniken da ya gyara ta a gindin bishiya da sifana uku da waya shi ma gwani ne.

Abin da ba su samu ba shi ne nasu Dikkon ko nasu Bill France. Saboda haka gwanintar ta tsaya a inda take da haɗari. A birane ta zama wasan mota ranar ɗaurin aure, yaro ya ari motar babansa ya riƙa juyi a tsakiyar titi taya na hayaƙi, 'yan kallo sun yi da'ira babu ko igiya a tsakani. Rundunar 'yan sandan Kano ta sha fitar da sanarwar hana wannan, kuma abin lura, takan haɗa shi da kilisar dawaki a kan titi. Doki ma in ya bar fili ya shiga kasuwa ba a kiransa wasa.

A yammacin Katsina kuwa inji ya koma inda doki ya baro. Dajin da Barth ya ratsa cikin tsoro ya sake zama hanyar mahara, sai dai yanzu a kan babura suke fitowa. A 2019 masarautar Katsina ta soke hawan Sallah saboda halin da talakawanta ke ciki. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. Mutumin da ƙarar babura da yawa ke nufin ya kwashi 'ya'yansa ya faɗa gona, ba za ka zarge shi ba in bai ga abin sha'awa a gudun inji ba. Ina jin wani kaso na tsakin nan daga nan yake.

Hukumomin wasanni na duniya su ma sun daɗe suna jan ƙafa. Shekaru da yawa kundin Olamfik ya ware duk wasan da ya dogara da ƙarfin inji, alhali wasannin dawaki suna ciki ba fashi tun 1912. Sai a 2013 kwamitin Olamfik ya amince da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, cikakkiyar amincewa, amma har yanzu ba a ba da lambar zinariya a tuƙi. Folo kansa rabonsa da Olamfik tun 1936 a Balin, inda Ajantina ta lallasa Birtaniya 11 da nema. Shekarar nan Nagogo yana da shekara 31, yana kan ganiyarsa, kuma fitar da wasan daga Olamfik ba ta sa an fasa share filin Katsina ko sau ɗaya ba.